Tayoyin da Suka Ci Sunan Taubashina

A bayan tashar Magariya na fara ganin tayoyin, guda huɗu, an jingina su da bangon wani mai sayar da tsofaffin kayan mota. Kowace ta kusa kai mini ƙugu. Mai su ya ce daga jikin motar masu haƙa rijiyoyi aka ciro su, kuma babu yashin da ya isa ya riƙe su. Na sa hannu na shafa, na ji faɗinsu, tun a tsaye na san sai na saya.

A lokacin ina da bashe kat-kat guda ɗaya, wato mota mai buɗaɗɗen baya wadda tayoyinta huɗu ke iya ja, ita ce gonata, ita ce garkena. Ina ɗaukar mutane da buhuna tsakanin Dungas da ƙauyukan da ke wajen Yekuwa. Wanda ya san hanyar nan ya san yashinta. Mota ta kafe, fasinja su sauka, a tona da hannu, a shimfiɗa karan gero, a tura, a yi taku ashirin ta sake nutsewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mai amalanke ya zo da shanunsa biyu ya raba ta gefena a hankali, ya ɗaga hannu ya ce, "Sannu da hutawa, direba." Shekara shida ina jin wannan gaisuwar. Ba don ta zama hujja nake faɗa ba. Kowane direba a hanyar ya sha ta, ba wanda ya yi abin da na yi.

Na ɗora tayoyin a bayan motar na nufi garajin taubashina. Ɗan ƙanwar mahaifina ne, ni ɗan namiji shi ɗan mace, don haka tun muna yara wasa ne tsakaninmu, ina kiransa bawana, shi kuma ba sunan dabbar da bai kira ni da shi ba. A duk Magariya a wancan zamanin babu bakaniken da ya kama ƙafarsa. Yakan kara sukudireba a jikin inji, ya sa kunne a marikinsa, ya gaya maka abin da ke ciwo. Amma ba gwaninta kaɗai ke kawo masa motoci har daga tsallaken iyaka ba. Yana da wata ɗabi'a: duk ƙarfen da ya cire daga motarka, ko ƙaramin noti ne, sai ya zuba maka a buhu ka tafi da abinka. Direbobi sukan ce a garajinsa kaɗai mutum zai bar mota ya je ya yi barci.

Na tarar da shi a ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Na taka masa yatsa.

"Bawa, fito ka gai da ubangidanka, na kawo maka aiki."

Ya fito yana share hannu, ya dubi tayoyin, ya dubi motar, ya dube ni.

"Takalman raƙumi ka sayo wa akuya?"

"Ɗaura kawai. Ba shawara na zo nema ba."

"Ai na sani. Jaki ba ya neman shawara, sai dai sanda. Zauna, in ka iya zama, in nuna maka abu."

Ya jawo wani tsohon pon da ke yashe a gefe, wato ƙarfen nan da ke riƙe da tayoyi biyu, mai tulu a tsakiya. Ya buɗe tulun ya nuna mini faifai mai haƙora da ƙaramin ɗan'uwansa da ke juya shi. Ya ce babbar taya in ta juya sau ɗaya, ƙasar da take ci ta fi ta ƙarama nisa, saboda haka inji zai ji kamar kullum tudu yake hawa. Sai an canza haƙoran nan, a sa waɗanda za su bar inji ya yi juyi da yawa kafin taya ta yi ɗaya. Sai an sa sanduna masu kauri a cikin pon, don nauyin tayar zai murɗe na yanzu kamar rake. Sai an ɗaga motar, an yanke bakin ƙarfen da ke saman taya. Daga nan ya ɗaga yatsa biyu.

"Kuma pon biyu gare ka, gaba da baya. Abin da aka yi wa ɗaya, dole a yi wa ɗayan, haƙori da haƙori. In ka ɗaura wa amalanke sa mai dogon taku da sa mai gajeren taku, me zai karye?"

"Wuyanka."

"Sandar da ta haɗa su. Ka ji ni, ko in faɗa da Fulatanci?"

Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, kafin mahaifina ya mayar da ni gona, amma na gane abin da ya faɗa sarai. Ina so wannan ya zauna a rubuce, domin daga baya wasu sun so su yi mini uzuri da rashin sani. Na sani. Da bakina na maimaita masa misalin shanun.

Kwana tara ya yi a kan motar. Ya ƙara mata ƙarafan da ke ɗauke da jiki ta tashi sama, ya yanke inda taya za ta goga, ya samo haƙoran baya da sanduna daga wata babbar mota da ta mutu, ya zauna yini biyu yana daidaita su da shuɗin fenti har sai da haƙora suka hau juna yadda yake so. Na gaba ne suka gagara. Babu a Magariya, babu a Damagaram. Ya ba wani ɗan kasuwa saƙo zuwa Kano, aka ce mako biyu, wataƙila uku.

Kaka ce. Wake ya fara fitowa daga ƙauyuka, masu buhunan da na saba ɗauka suna hawa motocin wasu ina kallo. Rana ta goma na je na ce ya ba ni motata.

"Ba ta gama ba."

"Tana tafiya?"

"Kai ma kana tafiya, amma ba a gama ka ba."

Muka yi ta yi. Da ya ga ba zan bari ba, sai ya shiga ƙarƙashi ya kwance kardan ɗin gaba, sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin gaba. Ya ce in tafi da ƙafa biyu, baya kaɗai zai ja, in na rage wa tayoyin iska zan wuce yawancin yashin. Ya ce muddin sandar nan ba ta jikin motar, ko na ja karabo, ɗan ƙarfen da ke sa tayoyi huɗu su ja tare, ba abin da zai faru. Sannan ya yi abin da ya saba yi wa kowa. Ya tattara tsofaffin haƙoran baya, da tsofaffin sanduna, da kardan ɗin da ya cire, ya zuba a buhu ya ɗora mini a baya.

"Kayanka ne. Amma in ka mayar da wannan kafin saƙon Kano ya iso, kada ka ce ka san ni."

Da ya riƙe sandar nan a garajinsa, da yau ba ni da abin rubutawa. Amanarsa ce ta miƙa mini ita.

Makon farko na sha kallo. Motar ta yi tsayi har tsofaffi sai an kama su su hau. A tashar Dungas na cika baki, na ce daga yau in an ga na kafe a yanka mini kunne. Kwana biyar da faɗin haka, a wani kwari mai zurfin yashi kafin a kai ƙauyen da nake ɗaukar wake, baya ya tona rami ya zauna. Mutum goma sha a kai, duk sun ji alkawarin kunnen. Wani dattijo ya zaro ƴar wuƙarsa ta yankan goro ya ce, "Na dama ko na hagu?"

Washegari na kai motar wurin wani mai injin niƙa a Dungas, wanda yake da sifanoni kuma yakan taɓa gyara. Na zazzage buhun na nuna masa sandar.

"Mai gyaran ne ya ce a mayar?"

"Mantawa ya yi."

Ya dube ni jim kaɗan, ya ɗauki sifana. Noti takwas ne. Ko shayin da aka ɗora bai tafasa ba ya gama.

A cikin yashi motar ta zama wata aba daban. In na ja karabo sai ta hau kwarin nan kamar tana kan tabarma. Abin da ban so in tuna ba shi ne yashi yana yafiya: tayoyin gaba suna son gudu, na baya suna jan ƙafa, amma rairayi yana barin kowace ta zame ta huce. Na yi sawu uku lafiya. Na ce a raina bawan nan tsoro ne ya yi masa yawa.

Ranar kasuwar Dungas na taso da lodi fiye da kullum, buhunan wake har sun wuce kan direba, mutane a samansu. Na fito daga yashi na hau latarit, jar hanyar nan mai tauri, ban cire karabo ba, don na san akwai wani ɗan yashin a gaba kuma ina sauri. Sitiyari ya yi nauyi. Motar ta fara wani irin gurnani daga ƙarƙashin kujerata, tana ɗan tsalle kamar an riƙe mata wutsiya. Na ji, na gane, na ƙara taka mai. Ba mu yi nisa ba sai ƙara kamar an fasa tulu da gatari. Ƙaramar buwat, akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, ta tsage gida biyu. Baƙin mai ya malale a kan jar ƙasa, haƙora a warwatse kamar an zubar da gyaɗa.

Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Amma kasuwa ta ci ba tare da mu ba. Masu wake suka kewaye ni a rana, kowa da abin da yake faɗa, wata mata da ta taho da man shanu tana nuna mini yadda ya narke. Wani ya ce, "Ba jiya-jiya aka gyara motar nan ba?" A nan ne, ina tsaye da gumi a ido, na ce:

"Aikin bawana ne. Kun san bawa, in ba a tsaye a kansa ba."

Aka yi dariya. Fushin da ke kaina ya sauka, ya koma kan wanda ba ya wurin. Na ji daɗin hakan, ba zan ɓoye ba.

Da abin ya tsaya nan, da wasa ne. Amma da yamma a tasha aka sake tambayata, na sake faɗa, na ƙara gishiri. Bayan kwana biyu, a tashar Magariya, gaban ƴan kamasho da direbobi, na ce, wa ya sani ma ko sababbin ƙarafan da na saya ya sa mini, ko tsofaffi ya wanke da gazuwal, man dizal, ya mayar. Ina faɗa ina dariya, ina tauna goro. Na san abin da nake yi. Na san maganar da aka faɗa da dariya ta fi saurin tafiya, kuma ba wanda zai kama ni da ita, don kowa ya san abin da ke tsakanina da shi.

Saƙon Kano ya iso kwana huɗu bayan karyewar. Taubashina ya zo tashar Magariya da haƙoran a hannu, naɗe cikin takarda mai maiƙo. Maganar ta riga ta kai masa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya tsaya gaban bencin da muke zaune, bai yi wa kowa sallama ba.

"Gaya musu wanda ya mayar da kardan."

"Ku ji bawa da tsaurin ido. Haka ake gai da ubangida?"

"Ba wasa nake ba. Gaya musu abin da na ce maka ranar da ka ɗauki motar."

"Ka ce in kawo maka goro daga Dungas. Ungo."

Na jefa masa ɓarin goro, ya bugi ƙirjinsa ya faɗi ƙasa. Tasha ta ɗauki dariya. Ya ɗaga murya, ya fara bayanin haƙora da pon, yana buɗe takardar, amma wa ke sauraron lissafin haƙora ana tsakiyar raha? Sai sarkin tasha, dattijo mai furfura wanda ya san iyayenmu duka, ya daka masa tsawa.

"Kai, ba ka da kunya? Da taubashinka za ka yi fushi a bainar jama'a? Wa ya taɓa jin haka? Uwarka da ubansa ciki ɗaya. Yi dariya a wuce wurin."

Ya tsaya. Ya dubi dattijon, ya dubi mutanen. Sai ya buɗe baki ya yi dariyar, don an ce ya yi. Ya ajiye haƙoran a kan bencin kusa da cinyata, ya juya ya tafi.

Har yau in na tuna dattijon nan raina yana ɓaci, Allah ya jiƙansa. Yana da shekarun da zai gane bambancin wasa da yanka. Raina yana ɓaci da direbobin da suka shekara goma suna karɓar buhun tsofaffin ƙarafansu daga hannun mutumin nan, amma maganar banza ɗaya daga bakin mai tauna goro ta isa su fara duban juna. Ba wanda ya je ya leƙa ƙarƙashin motata, tana nan yashe a bakin hanya kwana shida, kowa zai iya ganin sababbin haƙora a baya. Mai injin niƙa ya san komai, ya ja bakinsa, don ni nake kawo masa gazuwal daga Magariya. Dukansu ina jin haushinsu. Amma su aron wuƙar suka yi. Ni na wasa ta.

Ba a rana ɗaya garajin ya mutu ba. Masu zuwa daga tsallaken iyaka ne suka fara ɗaukewa, don su labarin ya iske su ba tare da dariyar ba. Sannan na Dungas. Waɗanda suka ci gaba da zuwa sai su ja kujera su zauna a kansa, suna kallon hannunsa, wasu har su yi wa ƙarfensu alama da ƙusa kafin su miƙa. Mutumin da ake bar wa mota a je a yi barci. An gaya mini ya ci gaba da zuba wa mutane tsofaffin kayansu a buhu, sai wani ya zazzage a gabansa yana ƙirgawa. Bayan shekara biyu ya saki rumfar, ya koma gindin wata bishiyar dogon yaro a bakin kasuwa yana gyara baburan ƴan kabu-kabu.

Ni kuwa na kai motata Damagaram aka sa mata wata buwat, aka ɗaura haƙoran da shi ya yi odarsu. Ta yi mini shekara takwas ba ta sake kafewa ba. Duk abin da ya ce haka ya zama. Da ita na gina gidan da nake ciki, da ita na je Makka. Muna haɗuwa a suna da jana'iza, in ce masa bawa, ya ce, "Ina wuni, Alhaji." Na gaya wa kaina girma ne ya zo mana.

Bara ciwon ƙafa ya kwantar da ni wata uku. Wani direba cikin masu zuwa gaishe ni, matashi, wanda lokacin abin bai fi goyo ba, yana ba da labarin wani bakanike da ya cuce shi, sai ya ce, "Irin na tsohon nan na bakin kasuwar Magariya, mai wanke tsohon ƙarfe da gazuwal." Maganata ce, kalma da kalma, ta yi shekaru tana yawo har ta dawo ɗakina a bakin wanda bai san daga inda ta fito ba.

Da na samu ƙafa na shiga mota zuwa Magariya. Na tsaya a tasha bayan sallar Juma'a, lokacin da benci ya cika, na ce ina da magana. Na faɗi komai: sandar, da mai injin niƙa, da karabon da ban cire ba. Na ce taubashina bai taɓa cin ƙarfen kowa ba, ni na yi masa ƙarya. Wani tsohon ɗan kamasho, cikin ƴan kaɗan da suka rage daga wancan zamanin, ya buga cinya yana dariya.

"Alhaji da bawansa. Har yanzu ba ku gaji ba? Yau kuma yabo ne salon?"

Na ɗaga sandata na buga a kan bencin har ta tsage. Na ce a kawo Alƙur'ani. Ba a kawo ba, amma dariyar ta tsaya. Suka bi ni da kallo kamar wanda ya zauce. Sabon sarkin tasha ya ce, "To, mun ji, Alhaji. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Wata mota ta cika, ƴan kamasho suka tashi da gudu, kowa ya koma harkarsa. Mafi yawansu ba su ma san ya taɓa riƙe garaji ba. Waɗanda ya kamata su ji suna kabari, ko sun tsufa sun bar tuƙi, ko suna can tsallaken iyaka inda muryata ba ta kaiwa.

Daga tasha na taka zuwa bakin kasuwa. Taubashina yana zaune kan wata tsohuwar taya, ya kwance kafireton wani babur a kan tsumma, yana kusanto da kowane ɗan ƙarfe dab da idonsa kafin ya gane shi. Da ya gan ni ya miƙe, ya kakkaɓe bencinsa, ya tura mini.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Ya ƙafar?"

Na gaya masa abin da na yi a tasha. Na gaya masa na zo neman gafara. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba.

"Madalla," ya ce. "Na yafe. Tun tuni ma."

"Zage ni mana. Ka ce mini jaki."

"Haba, Alhaji. Da girmanka."

Ya koma ya zauna ya ɗauki aikinsa. Mai babur ɗin yana tsaye a kansa yana cewa ya yi sauri, fasinja na jira. Na zauna a bencin har aka kira la'asar. Sau biyu ya tambaye ni ko a sayo mini ruwa.